Gargaɗi: jika 85 na kan kart mer da baret na ƙarya a Yamai

Tun jiya nake rubutawa ina gogewa, don kunya. Amma gara in faɗa. Jika 85. Sefa dubu tamanin da biyar wani yaro ya ci mini a nan Yamai, ina kallonsa, har ina yi masa godiya.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Harobanda, ɗalibai ne yawancin masu zuwa. Kwamfutar ta yi nauyi, sai na ga tallarsa a wani gurup na WhatsApp: kart mer, wato babban allon da komai na kwamfuta ke hawa kansa, da baret biyu na RAM, wato ƴan sandunan memwar da kwamfuta ke aiki da ita, wai samfurin DDR4 mai gudun 3200. Ya ce, "Babban yaya, in ka sa wannan, injinka tashi sama zai yi."

Kada wani ya ce ban bincika ba. Na bincika! Shekara tara ina wannan aiki. Da ya haɗa kayan, ni da hannuna na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, na shiga wurin memwar, na ga 1066. Na ce, "Malam, ina 3200 ɗin?" Ko ɗar bai yi ba. Ya ce, "Yaya, ai ninkawa ake yi, sau uku." Na ɗauko waya na buga. 3198. Na ce saura biyu fa? Ya yi dariya, ni ma na yi. Wallahi dariyar nan ce ke hana ni barci. Sau uku. Ni na buga lissafin da kaina, ni na nuna masa.

Kafin nan ma, a'a, tun ranar Talata na riga na tura masa jika 50 na kafin alƙalami. Ko Litinin ce? Rasit na nan, zan sa. Sauran jika 35 a hannu na ƙirga masa, bayan la'asar, har na saya masa ruwan sanyi. Ya ƙi karɓar kuɗin mai, ya ce mu ƴan uwa ne. To wa zai yi zargin wanda ya ƙi kuɗin mai?

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ne ya zo hutu ya kalli abin da CPU-Z ke nunawa ya ce, "Kawu, sau biyu ne." Ya zauna ya yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya. Hanyar da bayanai ke bi tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da RAM tana da agogonta, kuma DDR na aika bayani sau biyu a kowane bugu, shi ne ma'anar sunan. In ka ga 1066, baret ɗinka 2133 ne. Mai 3200 na gaskiya 1600 zai nuna. Ya sa farce ya ɗaga takardar da ke manne a jikin baret ɗin, sai ga tsohuwar a ƙasa: 2133. Tsofaffin kaya ne aka liƙa wa sabuwar takarda.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ko da na gaskiyar ya kawo, ba zan ga 3200 ba. Babban allon da ya kawo samfurin H110 ne, furosesana kuma i5-6500 na 2015, iyakarsu 2133. Mai sarrafa memwar cikin furosesa yake, shi da allon ke yanke gudun, baret mai sauri sai ya sauko ya bi su. In ka haɗa mai sauri da mai nawa ma, mai nawan ake bi. Yaron da ya sayar mini ya san haka, ya ga furosesana da idonsa lokacin da yake cire shi.

Jika 85, kuɗin hayar shago na wata biyu. Na kira, ya ce yana Dosso wajen rasuwa. Washegari ya toshe ni. Shagon da ya ce nasa ne a Katako, maƙwabta sun ce ba su taɓa jin sunansa ba.

Hotunan hirarmu da na takardar da aka ɗaga suna tafe, da zarar na rufe lambobin mutane. In za ku saya, ku buɗe CPU-Z ku ninka sau biyu, ku duba lambar allonku a shafin kamfanin, kada ku tura kuɗi kafin ku ga kaya. Wanda ya san wani siriri mai jan babur da ke ce wa kowa "babban yaya", ya same ni ta saƙo.