Gargaɗi: masu liƙe tiredin kafireta da gam su ce sun saka Heli-Coil

Masu tsofaffin motoci irin na ajiya, a yi hattara da wasu da ke tallar "cikakken gyaran kafireta" a intanet. Ka aika musu kafiretarka wadda tiredin (haƙoran da noti ke murɗuwa a kai) bakin shigar mai ya cinye, ko ka sayi wadda suka ce sun sabunta, ta zo maka tana ƙyalli, da alkawarin an saka mata Heli-Coil, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ake murɗawa cikin rami ta zama sabon tiredi. Amma ba a saka komai ba. Gam mai haɗi biyu aka cusa a ramin, aka danna notin a ciki, aka fesa fenti mai ruwan zinariya a kai. Hanyar gane su mai sauƙi ce: za su ja maka kunne cewa kada ka kuskura ka kwance wannan notin, wai "an riga an saita shi". Babu abin saitawa a wurin. A kafireta irin Rochester Quadrajet, filtar mai tana bayan wannan notin ne, kuma dole a riƙa kwance shi ana canja ta. Duk gyaran da ya hana ka kwance shi ba gyara ba ne.

Abin da ya sa wurin ke yawan lalacewa shi ne yawancin waɗannan kafiretoci da gaurayen tutiya aka zuba gangar jikinsu, wasu da alminiyam, noti kuwa ƙarfe ne ko tagulla. Mai taushi ke shan wahala. Tiredin bakin Quadrajet inci 7/8 ne mai haƙora 20 a kowane inci a na farko-farko, daga baya ya koma inci 1 mai haƙora 20. Faɗin da yawa, haƙoran kuma ƙanana, saboda haka da noti ya ɗan hau a karkace sai ya yanke su. Wani kuma ya zo kwance bututun mai da sifana ɗaya, bai riƙe babban notin da ta biyu ba, duka biyun su juya tare. A yi haka shekara da shekaru, ga tsatsar da ruwan da ke cikin fetur ke haifarwa, wata rana sai ka ga haƙoran sun biyo noti kamar zare.

Gam ba ya riƙe wannan wuri. Fetur na jiƙa shi dare da rana, wanda aka gauraya da itanol ma ya fi saurin tausasa gam da yawa. Inji ya yi zafi ya huce, tutiya da ƙarfe kowanne na buɗewa da nasa gwargwado, ga jijjigar bututun mai tana jan notin. Famfon mai na kanikanci a motocin Amurka yana turo fetur da ƙarfin kusan psi (ma'aunin matsi) 5 zuwa 7. Ba wani ƙarfi ba ne, amma ya isa ya riƙa fesa mai a kan inji mai zafi, kusa da wayoyin wuta. Ba ɗigon mai a ƙasa ake tsoro ba, gobara ake tsoro. Gam yana da wurinsa a kafireta, misali ana shafa shi a kan toshe-toshen ƙasan Quadrajet idan suna tsattsafo, amma can ba abin da ake ɗaurewa ko kwancewa.

Salo na biyu ya fi wayo. Akwai noti mai ɗan ƙarin kauri da ke yanka wa kansa sabon tiredi yayin da ake murɗa shi. Halattaccen kaya ne, ana sayar da shi a fili don fitar da mota daga matsala. Zambar ita ce a ɗaura shi a karɓi kuɗin aikin Heli-Coil. Illarsa uku: garin ƙarfen da ya yanka yana faɗawa ciki ya maƙale a allurar fulot (wadda ke rufe shigar mai idan kwanon mai ya cika), kafireta ta riƙa ambaliya, yana iya tsaga bakin, don bangon wurin siriri ne, kuma ya cinye naman da mai gyaran gaskiya zai buƙata daga baya. Haka ma farin tef ɗin masu aikin famfo da ake naɗawa don a ɓoye sako-sako. Ba tiredi ke hana yoyo a nan ba, washa ce. Tef sai dai ya yage ya bi mai ya toshe hanya.

Wanda ya ce zai cike ramin da walda kuwa, tambaye shi da wane irin zafi. Gaurayen tutiya na narkewa tun a wajen digiri 385 na Salshiyas, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka, sai dai ka ga gefen ya zube.

Ga yadda aikin gaskiya yake. Ana wargaza kafireta gaba ɗaya tukuna, a fitar da fulot da allura da jet-jet. A auna tiredin da ma'aunin haƙora, ba da ido ba, domin na Amurka da inci suke, kafiretocin Weber da Solex da milimita, na Ingila irin SU kuma za ka tarar da tsofaffin ma'aunai kamar BA da BSF. Sukurorin kwanon mai na kafiretar Holley 12-24 ne (lamba 12, haƙora 24 a inci), kuma mutane kan tura musu wani da ya yi kama, su ƙarasa ramin. Sai a ɗaure gangar jikin a kan injin huji yadda ramin zai tsaya cak, a buɗe shi da bakin diril ɗin da aka ƙayyade. Ga sukuru M6 mai tazarar haƙora milimita 1.0, bakin diril ɗin milimita 6.3 ne. Taf ɗin (ƙarfen yanka tiredi) da ke yanka wa Heli-Coil gurbi na musamman ne, ana rubuta STI a jikinsa, ya fi na yau da kullum kauri. A shafa masa giris don ya kama gari, a juya rabin zagaye a koma baya kaɗan, da hannu, ba gaggawa. A murɗa wayar ta nutse rubu'i zuwa rabin zagaye ƙasa da baki, a karya ɗan harshenta na ƙasa, a tabbatar an fito da shi. Sannan wanki da hura iska a kowace hanya. A babban bakin mai, duk wahalar tana wajen daidaito: in sabon tiredi ya karkace ko kaɗan ne, washa ba za ta kwanta daidai ba, kuma yoyo ba zai tsaya ba komai ɗaurin. Time-Sert, wanda shi bututu ne dunƙulalle ba waya ba, yana da kyau a ƙananan ramuka inda akwai nama isasshe.

Kafin ka biya, nemi hoton cikin ramin ba tare da noti ba. Heli-Coil ana ganinta, waya ce mai sheƙin azurfa a cikin toka-tokar tutiya. Nemi bidiyon noti yana shiga da yatsu kawai har ya kusa zama, yana kuma fita. In kaya ya iso, ka kankare gefen notin da farce ko tsinke. Gam zai nuna kansa a ƙarƙashin fenti. Ka kifa kafiretar yadda fulot zai rufe allura, ka ba bakin iska kamar psi 5 da famfon hannu, ka shafa ruwan sabulu a kewayen notin. Kumfa ta tashi, kada ta hau inji.

Kuma kafin ka aika taka, ɗauki hoton lambar da aka buga a jikinta: a Quadrajet galibi tana gefen gangar jiki, a Holley tana jikin bakin cok. Wasu ba sa ma wahalar da kansu da gam. Su riƙe taka mai lambar asali da ta dace da motar, wadda masu tara tsofaffin motoci ke nema, su turo maka wata gama-gari da aka wanke aka fesa.