Sabunta manhajar allon mota: wace hanya ta cancanci kuɗinka?

Yawancin motocin da ke shigo mana ta Kwatano ko Legas an ƙera su ne domin kasuwar Amurka da Kanada ko ta Turai, kuma allon da ke gaban direba yana ɗauke da manhajar ciki da aka tsara wa can. Shi ya sa taswirarsa ba ta san hanyar Zariya ba, rediyon 'yar Amurka kuma yakan tashi daga 88.1 ya faɗa 88.3, ya tsallake duk tashar da ke tsakani. Kafin ka kashe ko sisi, ka shiga saitunan allon ka rubuta lambar manhajar da ta na'urar kanta, domin motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya ɗauke da na'urori daban.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce sabuntawar kamfanin da ya ƙera motar. Mai Ford da allonsa ke da manhajar SYNC 3 yana iya saka lambar shasi a shafin kamfanin, ya sauke manhajar a filasha kyauta, haka ma Hyundai da Kia suna da shafin da ake saukewa. Sharaɗin dai shi ne a bar injin a kunne, kada a zare filashar sai allon ya ce an gama, ko da aikin ya ɗauki lokaci mai tsawo. Sai dai ba kullum manhaja kaɗai take wadatarwa ba. A 2018, da Mazda ta ba masu tsofaffin motocinta na 2014 zuwa sama damar samun Apple CarPlay da Android Auto, wato tsarin da ke nuna manhajojin wayarka a allon mota, sai da aka haɗa da sauya mazaunin USB, a kan dala 199 ban da kuɗin aiki. Toyota kuwa a 2019 ta sanya wa Camry da Sienna na 2018 CarPlay ta hannun dillalanta. Duk wanda ya ce zai yi maka wannan da filasha kawai, ka tambaye shi ko na'urarka tana cikin waɗanda suke ɗauka.

Akwai kuma manhajar da masu gyara suka yi wa kwaskwarima, wadda ke buɗe abin da kamfani ya kulle, kamar sauya yankin rediyo ko kunna CarPlay a na'urar MIB2 ta Volkswagen. Tana aiki, kuma tana da araha, amma ita ce ta fi ba ni tsoro. Idan aka ɗora manhajar Turai a kan na'urar Amurka, ko batir ya yi sanyi ana tsakiyar aiki, allon yana iya maƙalewa a kan tambarin kamfani, ya tafi da kyamarar baya, a wasu motocin har da saitin na'urar sanyaya. Motar Kwatano ba ta da garanti a nan, kuma na'urar Volkswagen da aka ciro daga wata mota tana zuwa a kulle sai an buɗe ta da kwamfutar dillali. Kada ka yarda a taɓa maka allo sai mai aikin ya adana kwafin manhajarka ta asali a gabanka. Buɗe kallon bidiyo ana tafiya kuwa, ban ga dalilin da zai sa mai iyali ya biya kuɗi a kansa ba.

Ga tsohuwar mota irin Corolla ta 2010, babu abin sabuntawa, sai dai sauya allon baki ɗaya. Na Pioneer da Sony da Kenwood sun fi tsada kuma sun fi ƙarko, alhali allunan Android 'yan Sin sun fi girma da araha, amma suna da manhaja biyu, ta Android da ta ƙaramar ƙwaƙwalwar da ake kira MCU, kuma ɗora wadda ba tata ba yana kashe na'urar. Wasu ma suna nuna girman ƙwaƙwalwar da ba su da shi. Ka tabbata an haɗa maka da akwatin CANbus na motarka, wato ɗan akwatin da ke haɗa sabon allon da kwamfutar motar, sannan kafin ka miƙa kuɗi ka danna maɓallan sitiyari ɗaya bayan ɗaya, ka sa giyar baya ka ga kyamara ta fito, ka kashe motar ka sake tayarwa ka ga ko tashoshin da ka ajiye suna nan.