Hoya mai ganyen zuciya: wata goma ina jiran ganye na biyu

Na sayi wannan furen ne a watan Fabrairu, lokacin da masu sayar da furanni a Instagram suka cika mana ido da hotonsa. Ganye ɗaya tal, mai kauri, kore shar, siffarsa kamar zuciya, an kafa shi a 'yar ƙaramar farar tukunya. Sunansa Hoya kerrii. Matar da na saya a wajenta nan cikin Kano take, ba zan faɗi sunanta ba, waɗanda ke harkar furanni sun san irin kuɗin da ake sa wa abin. Kafin in tura kuɗi sai da na tambaye ta baki da baki: "Hajiya, wannan zai yi yaɗo kuwa?" Ta ce min, "Sosai ma, Anti, ki dai ba shi lokaci." A kan wannan maganar na biya, ɗan sahu ya kawo min har ƙofar gida a Tarauni.

Ranar da ya iso ban ga abin kushewa ba. An naɗe shi da kyau, ganyen ko ƙwarzane babu. Na ajiye shi a tagar falo da ke kallon gabas, inda hasken safe ke shigowa amma ranar azahar ba ta kai masa. Da bazara ta kama, wannan zafin na Afrilu da ko katanga ba ka iya jingina, nakan ja shi ciki da rana in mayar da yamma. Ruwan burtsatsenmu yana barin farin gishiri a bakin tukwane, saboda haka ruwan leda nake ba shi, shi ma sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ta bushe ƙayau. Maigida har ya saba, idan zai rufe taga sai ya tambaye ni ko a matsar da shi.

Bazara ta wuce, damina ta zo. Duk abin da ke barandata ya yi toho, har zogalen da na yanke ya sake fitowa. Shi kuwa wannan ganye yana nan yadda aka kawo shi, bai mutu ba, bai ƙaru ba. Kullum da safe sai na leƙa gindinsa ko zan ga ɗan tsiro. A watan Agusta na yi wa matar magana, ta ce ai shi dama yana da jinkiri. Na yarda, domin gaskiya ne, hoya ba mai saurin girma ba ce.

A Disamba haƙurina ya ƙare. Na shimfiɗa jarida a tsakar gida, na kife tukunyar a tafin hannuna, na kaɗe ƙasar a hankali. Saiwoyi ne farare masu lafiya, sun zagaye tukunyar. Amma da na bi su zuwa inda suka fito, sai na tarar daga ƙarshen sandar ganyen kawai suke. Babu ko ɗan guntun kara. An tsinke ganye ne kurum daga jikin uwar, aka soka a ƙasa. Wallahi a wannan lokacin zama na yi a kan tabarma, raina ya ɓaci matuƙa.

Ga abin da ya kamata a gaya min tun farko. Hoya tana fitar da sabon reshe ne daga gaɓa, wato wurin da ganye ke haɗuwa da kara, nan ne idon toho yake. Ganyen kerrii kaɗai yana iya yin saiwa, yana iya rayuwa shekaru a tukunya yana kore, amma in ba a yanko shi da guntun kara mai gaɓa ba, da wuya ƙwarai ya taɓa yin yaɗo. Duk mai sayar da wannan fure ya kamata ya san haka. In ta sani ta ɓoye, ta cuce ni. In ba ta sani ba, bai kamata ta ce min "sosai ma" ba. Ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba, wata goman nan ne da na yi ina tashi da safe da fata.

Na ɗauki hoton saiwar na tura mata. Na zaci za ta share ni, amma a nan zan yi mata adalci: ta kira ni da kanta, ta ba ni haƙuri, ta ce ita ma a haka ake kawo mata su daga Legas. Ta ce in zo in zaɓi wani. Na je. A bayan gidanta, ƙarƙashin rumfa, akwai wata babbar Hoya carnosa da ta nannaɗe waya har sama, ganyenta na sheƙi kamar an shafa mai. Ta ɗauko almakashi ta yanko min reshe biyu a gabana, kowanne da gaɓa uku, ba ta karɓi ko kwabo ba. Ta nuna min wasu 'yan gajerun sanduna marasa ganye a jikin uwar, ta ce, "Anti, in taki ta yi irin wannan kada ki yanke, a nan fure ke fitowa, kuma a nan zai sake fitowa baɗi." Wannan kam gaskiya ta faɗa. Ta nuna min hoton furen da ta yi da damina, curi guda na 'yan taurari farare masu ja a tsakiya, ta ce bayan magariba ne ƙamshinsa ke tashi. Na fito daga gidan zuciyata ta yi sanyi, har na fara tunanin ko na yi mata zafi da yawa.

Yadda na dasa su: na cire ganyen ƙasa, na bar wajen yankan ya sha iska kwana ɗaya. Ban sa su a jar ƙasa ko taki zalla ba. Ita hoya a dazuzzukan Asiya da Ostareliya jikin bishiyoyi take hawa, saiwarta ta saba da iska, in ta zauna cikin laka ruɓewa take yi. Na farfasa gawayi ƙanana, na yanyanka ɓawon kwakwa da na jiƙa na wanke sau uku, na haɗa da ɗan yashi mai tsakuwa da ƙasa kaɗan, a ƙaramar tukunyar ƙasa mai huji. Na binne gaɓa ɗaya, biyu a sama. Matsalar ita ce hunturu ne, iska ta bushe, ƙura ko'ina, sanyin asuba kuma ba ya taimakon saiwa. Sai na yanke gindin robar ruwa babba na kifa a kai, ina buɗewa kullum na ɗan lokaci. Wanda zai gwada a Kano, ya bari sai damina ta kankama, zai fi samun sauƙi.

Wani abu da ya burge ni da na bincika: ashe hoya dangin tumfafiya ce, wannan da ke fitowa a kowane kango. In ka lura da furen tumfafiya za ka ga kamar, tauraro mai kusurwa biyar da ɗan kambi a tsakiya. Ita kerrii ma farin ruwa take fitarwa kamar madara in an yanke ta, shi ya sa nake hana yara taɓawa. Sunan hoya kuwa wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya raɗa mata a 1810 don girmama Thomas Hoy, wani mai kula da lambu a Ingila.

Sati biyar da dasawa na ɗan ja reshe ɗaya, na ji ya riƙe. Ya yi saiwa. Na yi murna har na kira 'yar'uwata na gaya mata. To a satin ne kuma na ga wani farin abu kamar auduga a hammatar ganye. Na ɗauka ƙurar hunturu ce, na goge, yatsana ya yi danƙo. Ƙwari ne, waɗannan farare masu tsotse ruwan tsiro, sun laɓe a kowace gaɓa. Ban taɓa ganinsu a gidana ba sai da waɗannan rassa suka shigo, kuma ɗumin cikin robar ya ba su wurin hayayyafa. Kafin in farga sun tsallaka kan wasu tukwane biyu da ke kusa. Na koma bin ganye ɗaya bayan ɗaya da auduga da sifirit, sannan feshin ruwan sabulu da man darbejiya duk sati, da yamma don kada rana ta ƙona ganyen. Reshe ɗaya bai jure ba, ya yi rawaya ya zube. Da na gaya wa mai sayar da furannin sai ta ce ai duk mai lambu yana da su. Haka ne, amma mai sayarwa ya kamata ya duba kayansa kafin ya miƙa, ko aƙalla ya ce a ware shi gefe na sati biyu. Nan take maganar ganyen farko ta dawo min sabuwa, domin abu ɗaya ne: ana sani ba a faɗa sai an tambaya, an tambaya ma ba a faɗa duka.

Saboda haka ba zan ce kada a saya a wajenta ba, kuma ba zan tura kowa ido rufe ba. Furanninta masu kyau ne, tana da kirki, amma ka sa ta tone gindin a gabanka ka ga kara da gaɓa, ka juya bayan ganye ka duba. Kerrii mai ganye ɗaya kuwa, in ado kake so a kan tebur, ka saya da sanin haka zai zauna.

Reshen da ya tsira yanzu ya fitar da dogon siririn yaɗo yana neman abin kamawa, na lanƙwasa masa waya. Fure sai nan da shekara biyu ko uku in Allah ya kai mu. Ganyen zuciyar ban jefar ba, na mayar da shi tukunyarsa, yana nan a tagar gabas.