Wasiƙa daga Toronto: katin bashi da makonnin da ke gaban albashin farko

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da duk mutanen gida. Na yi murna ƙwarai da jin takardar ɗaukar aikinka ta fito, Allah Ya sanya albarka. Ka tambaye ni ko da gaske ne banki a Kanada yana ba baƙo katin cin bashi tun bai fara aiki ba, kuma ko za ka iya jingina da shi har albashi ya shigo. Da gaske ne, suna bayarwa. Maganar jingina kuwa ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Yawancin ma'aikatu a nan duk mako biyu suke biya, kai tsaye cikin asusunka na banki, ba sai ƙarshen wata ba. Sai dai na farkon yakan ja ƙafa: ka yi aikin mako biyun, ofishin biya ya yi lissafinsa, sannan kuɗi su faɗo. Kafin nan akwai karɓar lambar SIN, wato lambar shaidar aiki da biyan haraji, a ofishin gwamnati na Service Canada, wadda mai ɗaukarka aiki zai nema, da buɗe asusu, da neman wurin kwana. Kuma adadin da ka gani a takarda ba shi zai shigo ba, domin za a cire haraji da kuɗin fansho da inshorar rasa aiki tun daga tushe. Ka ƙiyasta wata guda ko fiye kana kashewa ba ka karɓa.

Manyan bankunan ƙasar, RBC da TD da Scotiabank da BMO da CIBC, kowanne yana da tsarin sababbin zuwa. Ka je da fasfo da takardar izinin zama ko ta aiki, su buɗe maka asusu, sau da yawa su haɗa maka da katin Visa ko Mastercard ba tare da sun nemi tarihin bashinka ba. Wanda ba su gamsu da shi ba sukan ce ya ajiye wani kuɗi a matsayin jingina, su ba shi kati daidai da abin da ya ajiye. Kada ka haɗa shi da katin ATM ɗin da ke aljihunka. Wancan kuɗinka ne kake cira, in sun ƙare ya tsaya. Wannan kuwa kuɗin banki ne, aikinsa irin na littafin mai shagon unguwa: ka ɗauki kaya ya rubuta, ƙarshen wata ka zo ka share. Bambancin shi ne mai shago ya san mahaifinka, yana jin nauyinsa. A nan kamfanoni biyu, Equifax da TransUnion, su ke riƙe da labarinka, suna ba ka maki tsakanin 300 da 900, kuma masu gidajen haya da kamfanonin waya da dillalan mota duk suna leƙa wannan makin kafin su amince da kai.

Ga yadda lissafin yake, ka karanta nan da natsuwa. Sau ɗaya a wata banki zai fitar da takardar abin da ka ci. Dokar tarayya ta tilasta masa ya ba ka aƙalla kwana 21 daga ranar. In ka biya duka kafin wa'adin, ko sisi ba za a ƙara maka ba. Abin da ka saya washegarin fitar takarda ma yana iya kai kwana hamsin kafin a neme ka da kuɗinsa, kuma wannan tazarar ita ce duk amfanin katin ga mai jiran albashi. In kuwa ka bar saura, ko da kaɗan ne, kuɗin ruwa zai hau, kuma daga ranar sayen kayan ake ƙirga shi, ba daga ranar wa'adi ba. A katunan da aka fi bayarwa ruwan yana wajen kashi 20 cikin ɗari a shekara, wato bashin dalar Kanada 2,000 yana haifar da kusan dala 33 duk wata. A jikin takardar za ka ga wani ɗan ƙaramin adadi an rubuta cewa shi ne mafi ƙarancin abin da za ka biya. Ka kawar da ido daga kansa. A kan takardar dai, doka ta sa su rubuta tsawon lokacin da za ka ɗauka in shi kaɗai kake biya, kuma shekaru za ka gani, ba watanni ba.

Abu biyu kada ka kuskura. Kada ka sa katin a na'ura ka ciri tsabar kuɗi, domin wannan ba shi da kwana 21 ɗin, ruwansa ya fi yawa, yana farawa nan take, ga lada a kai. Kada kuma ka aika kuɗi gida da shi, saboda bankuna da yawa suna lissafa hakan a matsayin cirar tsaba. Na san da ka sauka waya za ta fara ƙara. Ka gaya wa kowa gaskiya cewa ba ka fara karɓa ba, ni ma zan yi wa Hajiya bayani.

Na san zancen riba yana ranka, kuma ya kamata ya kasance. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta ce bai halatta a karɓi katin da ke da sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Yamma sun yi rangwame saboda larura, bisa sharaɗin a riƙa biya duka a kan lokaci. Ni wannan na bi: na saita asusuna yana biyan katin gaba ɗaya da kansa duk wata. Ka zauna da malaminka kafin ka taso. In zuciyarka ba ta natsu ba, katin cirar kuɗinka yana aiki a kusan kowane kanti, sai dai makinka zai yi jinkirin ginuwa, kuma rance daga hannuna yana nan, ba ruwa ba sharaɗi.

Babban abin da katin ba zai yi maka ba shi ne haya, alhali ita ce mai cin kuɗin. Masu gidaje galibi ta banki suke karɓa, ta hanyar da ake kira Interac, ko da cek. Daɗin abin shi ne a lardin Ontario, inda Toronto take, doka ba ta yarda a karɓi kafin alƙalami fiye da kuɗin wata ɗaya ba, wanda ake ajiyewa don watanka na ƙarshe. Wato wata biyu za ka biya ka karɓi makulli, ba shekara cur da la'adar dillali kamar yadda muka saba ba. Amma wata biyun ba wasa ba ne: gida mai ɗaki ɗaya da falo a cikin Toronto ya haura dala 2,000 a wata, shi ya sa sababbin zuwa suke farawa da ɗaki a gidan haɗaka ko a ginin ƙarƙashin ƙasa. Wannan kuɗin ka zo da shi a hannu.

Inda katin ke shiga shi ne sauran hidindimu, kuma a nan ne za ka ga bambancin kasuwa. Babu ciniki, babu "albarka", babu "ƙara min gyara". Farashin da ke manne a jikin kaya ma ba shi za ka biya ba, sai a wurin mai karɓar kuɗi za a ɗora harajin kashi 13. Rigar dala 100 ta zama 113. Ɗanyen abinci irin shinkafa da ƙwai da madara da nama da kayan miya ba a ɗora musu. Kantunan No Frills da Food Basics sun fi sauƙi, kuma naman halal ba ya wahalar samu, musamman a Scarborough da Mississauga da unguwar Thorncliffe Park. Abincinmu ne ke da tsada. A shagunan 'yan Afirka doya guda tana iya lashe kusan ladan aikin awa ɗaya, don haka a watan farko ka haƙura da sakwara.

Kayan sanyi ba a jinkirta su. A watan Janairu sanyi yakan wuce digiri 10 ƙasa da sifili, kuma rigar sanyin da muke sawa da hunturu a gida ba za ta kai ka bakin titi ba. Ka je Value Village, gwanjo ne tsaf irin na Ƙofar Wambai, sai dai an rataye komai a layi da farashinsa. Ka ɗaga rigar ka ji nauyinta, ka ja zif ɗin sama da ƙasa, ka duba bakin hannun ko yana da roba mai kama wuyan hannu, domin ta nan iska ke shiga. Takalmi kuwa ka sayi sabo mai hana ruwa, mai kaushin tafi, saboda gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara yana cinye fata. Katifa ma sabuwa, don gudun kuɗin cizo. Tebur da kujera da tukwane ka duba Facebook Marketplace ko Kijiji, wani lokaci kyauta ake bayarwa in za ka iya ɗauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne mayar da kaya. A gida kaya in sun bar shago shi ke nan. A nan yawancin manyan kantuna suna karɓa in ka kawo da rasit cikin kwanakin da suka ƙayyade, kuɗin su koma kan katin. Haka in an cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, banki ne zai bi maka kadi, kuma kafin a gama kuɗinsa ne a waje, ba na cefanenka ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS an cire masa kuɗi ba su fito ba, ya san darajar wannan. Waya da data kuwa mun fi su araha nesa ba kusa ba. Ka fara da layin da ake biya kafin amfani, kada a lallashe ka da sabuwar waya a kan yarjejeniyar shekara biyu. Motar bas da jirgin ƙasa na birni dala 3.30 ne, ka hau ka sauka ka canza har awa biyu a kuɗi ɗaya, kuma katin bankin kansa za ka iya dangwalawa a ƙofa.

Dangwalawar nan ita nake jin tsoro a kanka. Ka kai katin kusa da na'ura, ta yi ɗan ƙara, ka kwashi kayanka, ba ka ƙirga komai ba, hannunka bai ji an rage shi ba. Don haka ka sa wa kanka iyaka tun kafin a ba ka katin: duk abin da zai hau kansa kada ya wuce rabin albashin farko bayan cire haraji, kuma kada ka cinye fiye da kashi 30 na adadin da banki ya yarje maka, domin wuce hakan yana rage maki. Ka riƙa buɗe manhajar bankin kowane dare kana duba jimla. Kuma duk wannan shawarar ga mai takardar aiki da ranar farawa a rubuce take, kamar kai. Wanda ke neman aiki tukuna, bai san ranar samu ba, ban yarda ya ci abinci da katin bashi ba. Gara ya je rumbunan tallafin abinci irin na Muslim Welfare Canada, an kafa su ne don irin wannan halin.

Za ka ga shaguna masu fitilu a bakin titi suna tallan rance har ranar albashi. Tun daga Janairun 2025 doka ta ƙayyade musu dala 14 a kan kowace 100, wanda a rancen mako biyu ya haura kashi 360 a shekara. Ko inuwarsu kada ka tsaya.

Kafin ka taso, ka je a duba maka haƙora, in kana buƙatar tabarau ka yanko biyu, ka taho da magungunan da ka saba sha tare da takardar likita. Inshorar lafiya ta lardi tana ɗaukar ganin likita da kwanciya asibiti, amma ga mai shekarunka ba ta biyan kuɗin haƙori da tabarau da yawancin magani, ta wurin aiki kuma a wurare da dama sai bayan wata uku take farawa. Ka taho da yaji da kuka da kuɓewa busasshiya a ƙulle da kyau, ka bayyana su a filin jirgi. Kilishi dai ka bar shi a gida, ba a shigowa da nama. Ka turo min ranar tashinka da lambar jirgi da zarar ka yanki tikiti.