Tsohon agogon aljihu: na Ingila, na Amurka, na Suwizalan ko na Rasha, da wanne za ka fara?

Agogon aljihu na farko da na saya, kyan fuska na bi. Hoto uku mai sayarwa ya sa a intanet: murfin azurfa mai zanen furanni, farar fuska ta tangaran, da ɗan makullinsa rataye a zare. Bai nuna cikinsa ba, ni kuma ban tambaya ba. Da ya iso na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya ɓalle bayan da farce, ya daɗe yana leƙe. Can ya sa hantsaki ya ɗago wata sarƙa siririya kamar zaren ɗinki, ta tsinke gida biyu. Ya ce, "Ɗana, wannan sai dai a ajiye a riƙa kallo. Wanda ya ƙera sarƙar nan ya fi shekara ɗari a ƙasa."

Tun daga ranar, tambayata ta farko a kan kowane agogo ita ce: in ya tsaya, wa zai tayar da shi, kuma da wane kayan gyara? Da wannan ma'aunin zan auna su.

Wancan nawa ɗan Ingila ne, irin mai sarƙa a ciki. Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke tafiyar da agogo, yana da ƙarfi idan an gama yi masa wani, wato an murɗa shi ya ɗaure, yana raunana in ya kusa warwarewa, sai agogo ya yi sauri da safe ya yi nawa da dare. Maƙeran zamanin da sai suka yi dabarar wani ɗan ƙarfe mai siffar mazurari, sarƙa na naɗuwa a jikinsa tana daidaita ƙarfin. Ingilawa sun riƙe wannan tsari har ƙarshen ƙarni na 19, bayan wasu sun daɗe da barinsa. Aiki ne mai ban sha'awa, amma na hannu ne, ƙafar wannan agogo, wato ɗan wilin da ke cikin injinsa, ba ta shiga wancan. In wani abu ya karye sai dai a ƙera sabo. Mafi tsufa a cikinsu, waɗanda ba su da tsarin ƙugiya mai daidaita bugun agogo da Thomas Mudge ya ƙago wajen 1755, suna iya ɓatar da mintoci da dama a wuni ko da lafiyarsu ƙalau. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Inda na Ingila ya fi kowa shi ne gaskiyar murfi. Buɗe ka duba hatiman da aka buga a ciki: zaki mai tafiya yana nufin azurfa ce mai kashi 925 cikin 1000, kan damisa na Landan ne, ƙarfen tsayar da jirgin ruwa na Birmingham, harafi guda kuma yana nuna shekarar da aka buga hatimin. Akwai wani rukuni da yakan ja hankalinmu, wanda maƙeran Landan irin su George Prior da Edward Prior suka yi wa kasuwar Daular Usmaniyya, da lambobi irin na Turkawa a fuska, wani da murfi uku a cikin juna. Na ajiya ne, ba na aljihu ba. Ramin makulli ƙofa ce ga ƙura, hunturu guda a Kano ko Damagaram ya isa ya mai da man da ke ciki taɓo.

Na Amurka daban ne tun daga tushe. Aaron Dennison da abokansa sun fara a 1850, suka koma garin Waltham a 1854, da niyyar injuna su riƙa fitar da kayan ciki iri ɗaya, a cire na wannan a sa wa wancan. Kamfanin Elgin ya biyo a 1864, na Hamilton a 1892. Sun yi miliyoyi, shi ya sa har gobe ana samun kayan gyaransu, ko a sayi matacce irinsa a cire abin da ake so.

Gwanayensu su ne agogon jirgin ƙasa. A watan Afrilu na 1891 jirage biyu suka yi karo a Kipton, jihar Ohio, mutane suka mutu, aka ɗora laifin a kan agogon wani direba da ya tsaya na minti 4. Aka ba wani mai sayar da agogo, Webb C. Ball, aikin tsara ƙa'ida. Daga nan agogon ma'aikacin reluwe dole ya kasance ba ya wuce ko gaza sakan 30 a mako, yana da duwatsun rage gogayya 17 ko fiye a injinsa, fuska a buɗe ba murfi, baƙaƙen lambobi manya a kan fari, an kuma daidaita shi a yanayi 5, ko a kwance yake ko a rataye. Hamilton 992B, mai duwatsu 21, da aka yi daga 1940 zuwa 1969, shi ne wanda zan fara nuna wa duk mai son agogon da zai riƙa duba lokacin salla da shi. Bunn Special na kamfanin Illinois sa'ansa ne.

Wani abu yakan ruɗa sabon shiga. Irin waɗannan ba a jan kan su, wato ɗan maɓallin da ake murɗawa a sama, a gyara lokaci. Sai ka warware zoben gilashin gaba, ka zaro wani ɗan harshen ƙarfe a gefen fuska da farce, sannan kan ya juya hannuwa. An yi haka ne don kada lokaci ya goce a aljihu bisa kuskure. In ka ji mai sayarwa na cewa "ba ya saituwa", kada ka yi saurin juya baya, wata ƙila lafiyayye ne bai san sirrinsa ba.

Hoton jirgin ƙasa a murfi ba hujja ba ne, kowa na iya zana shi. Abin da aka sassaƙa a jikin injin shi ne shaida: sunan kamfani, adadin duwatsu, kalmar "Adjusted", da lamba. Lambar inji za ka bincika don sanin shekara, ba ta murfi ba, domin a Amurka kamfani daban ke yin murfi, a kanti ake haɗa su. Su kuma duwatsun, yakutu ne da ake sa wa bakin ƙafafu don rage gogayya, na baya-bayan nan ma haɗa shi ake yi a masana'anta. Kada wani ya ce maka dukiya ce a ciki. Mai 7 na talaka ne, mai 15 ko 17 ya wadatar.

Yawancin murafun Amurka masu launin zinare tagulla ce aka lulluɓe da fallen zinare. Rubutu irin "Guaranteed 20 years" alamar haka ne, wato an yi alkawarin zinaren ba zai goge ba kafin shekara 20. Kada ka biya kuɗin zinare tsantsa. Namijin da ke gudun zinare saboda addini kuwa, akwai murfin nikel, shi ne ma ya fi jure wahala, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Suwizalan kasuwa ce mai faɗi, akwai doki akwai jaki. A can sama akwai agogon da kamfanin Patek Philippe ya miƙa wa attajirin Amurka Henry Graves a 1933, wanda aka yi gwanjonsa a Geneva a 2014 kan kimanin dala miliyan 24. A can ƙasa akwai irin na Roskopf, da ya fito a 1867 don lebura ya iya saya. Tsakiya nake ba da shawara: Omega, Longines ko Zenith mai duwatsu 15 na farkon ƙarni na 20. Tarkon yana wajen ƙananan na azurfa marasa suna, masu kyan ɗan maciji. Duba murfin ciki. In an rubuta "Cylindre", bar shi, masu gyaransa sun yi ƙaranci ko a Turai. "Ancre" shi ne tsarin ƙugiya, wanda ake so. "Remontoir" kuma ba sunan kamfani ba ne, kodayake wasu masu sayarwa haka suke tallata shi. Ma'anarsa kawai da kai ake yi masa wani, ba da makulli ba, dabarar da Adrien Philippe ya fitar a 1842.

Na Rasha, Molnija, ba tsoho can ba ne, masana'antar Chelyabinsk a 1947 ta fara. Amma injinsa mai lamba 3602 jarumi ne, yana da araha, kuma in ka lalata shi wajen koyo ba za ka yi kuka ba. Sai dai a kula da fuskokin da aka sake wa fenti jiya-jiya.

Gargaɗi guda da ya shafi lafiya: agogon soja da sauran masu lambobin da ke haske cikin duhu, daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya har zuwa shekarun 1960, galibi da fenti mai sinadarin radiyom aka yi su. Hasken ya mutu, gubar na nan. Kada ka buɗe gabansa, kada ka hura, kada ka bar wa yara.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka sayi kifi a ruwa kamar yadda na yi. Nemi hoton injin a fili, da bidiyonsa yana aiki a kwance, a rataye, da kuma a kife. Wanda ke tafiya a kwance ya tsaya in an juya shi, galibi ƙafar da ke kai-komo ce bakinta ya karye. Tsatsa a jikin siririn sifirin mai kama da gashi ta fi tsagar fuska muni. In mai kaya ya ce "wani ne ya yi masa yawa", fassararsa ita ce ya mutu kuma bai san dalili ba. Ware kuɗin wanki da sabon mai a cikin lissafi tun kafin ciniki, kuma don Allah kada a ɗiga masa man keken ɗinki.

Da zan koma baya, da Molnija zan fara in koyi hannu, in tara kuɗi in sayi Hamilton ko Elgin mai duwatsu 17 zuwa sama a murfin nikel mai murɗawa, wanda ƙura ba ta samun hanya. Na Ingilan yana nan a akwati cikin tsumma. Na samo masa sarƙa har sau biyu, ta farko ta yi gajarta, ta biyu kuma ƙugiyarta ba ta kama ba.