Gargaɗi ga masu jiragen ruwa game da masu tallar maganin zamewar sarƙar anga

Wasu 'yan damfara sun mayar da hankali kan masu ƙananan jiragen ruwa da sarƙar anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, take zame musu a kan injin ɗaga anga, kuma suna samun kasuwa ne saboda matsalar tana tayar da hankali. Wanda ya taɓa tsayawa a goshin jirgi iska tana kaɗawa, ya danna maɓalli, ya ji sarƙa tana tsalle tana bugun ƙarfe ba ta shigowa, ba ya son a yi masa dogon bayani, abin da yake so a ce masa ga magani nan take. Wannan gaggawar ita ce jarinsu.

Tallar da aka fi gani a shafukan saye da sayarwa na intanet iri biyu ce. Ta farko ita ce ta faifan sarƙa, wato ƙarfen nan mai gurabu da yake juyawa yana kama zobban sarƙa ɗaya bayan ɗaya, wanda suke cewa wai ya dace da kowace irin sarƙa da kowane inji. Ta biyu ita ce ta sarƙar da ake kira tantacciya, wato wadda aka daidaita tsawon zobbanta, a farashin da bai kai na sananniyar sarƙar jirgi ba, tare da hoton takardar shaida da ba a iya karanta lambobinta. Mai tallar yakan tambayi abu guda kawai, wato kaurin sarƙarka, kuma da zarar ka ce milimita 10 sai ya ce yana da ita, saura guda biyu, a yi sauri a biya. Wannan tambaya guda ɗaya ta isa ta tona masa asiri, domin duk wanda ya san aikin ba zai tsaya a kan kauri ba.

Dalili shi ne, abin da yake sa sarƙa ta zauna a gurbinta shi ne tsawon cikin kowane zobe, kuma sarƙoƙi masu kauri ɗaya suna iya bambanta a wannan tsawo. Sarƙa mai milimita 10 da aka ƙera bisa ƙa'idar Jamus ta DIN 766 tsawon cikin zobenta milimita 28 ne, ita kuwa mai milimita 10 ta ƙa'idar ISO 4565 nata milimita 30 ne. Ido ba zai ga wannan bambanci ba idan an shimfiɗa su a ƙasa, amma faifan yana kama zobba da dama a lokaci guda, don haka kuskuren yana taruwa: zoben farko ya zauna daidai, na biyu ya ɗan goce, na uku ya hau kan haƙori, sai sarƙar ta yi tsalle da zarar nauyi ya hau kanta. A Amurka kuma akwai nasu nau'o'in da ake aunawa da inci, irin su BBB da G4, kowanne da tsawon zobensa. Shi ya sa kamfanonin da suke ƙera waɗannan injuna, irin su Lewmar da Lofrans da Maxwell, suke yin faifai daban-daban ga inji guda, kuma galibi suna buga lamba a jikin faifan da take nuna sarƙar da aka yi shi dominta. Wasu faifan suna karɓar nau'i biyu masu kusancin awo, amma faifan da zai karɓi kowace sarƙa babu shi, kuma wanda ya ce yana da shi ƙarya yake yi.

Damfarar sarƙa ta fi ta faifai haɗari. Abin da sukan aiko shi ne sarƙar ɗaure kaya ta yau da kullum wadda ba a daidaita tsawon zobbanta ba, an yi mata ɗan shafen tutiya da lantarki tana ƙyalli. Sarƙar anga ta gaskiya ana tsoma ta ne a narkakkiyar tutiya, shi ya sa launinta yake fitowa toka-toka mai ɗan kaushi, kuma rufin yake jure ruwan gishiri shekaru. Mai ƙyallin nan ba ta daɗewa take fara tsatsa, kuma tun kafin tsatsar za ka ga tana tafiya lafiya mita biyu ko uku sannan ta yi tsalle, saboda zobbanta ba tsawonsu ɗaya ba. Mafi muni shi ne ba wanda ya san nauyin da za ta iya ɗauka kafin ta tsinke, ga shi kuwa a kanta jirgi da mutanen cikinsa za su kwana.

Akwai kuma masu zuwa a matsayin makanikai, su saurari ƙarar sau ɗaya su yanke hukunci cewa injin lantarkin ya ƙone ko giyar ta mutu, sai an sauya gaba ɗaya, su karɓi kuɗin kaya tun kafin su kwance ƙusa ko ɗaya. Mai jirgi zai iya kare kansa daga wannan da kallo na minti biyu. Idan faifan yana juyawa amma sarƙar tana tsallake shi, injin lantarki lafiyarsa ƙalau, matsalar tana tsakanin sarƙa da faifai. Idan ana jin inji yana aiki, sandar tsakiya tana juyawa, amma faifan ya tsaya cik da zarar nauyi ya hau, to kuloci ne yake zamewa, kuma sau da yawa ɗaure shi da hannunsa, ko kwance shi a wanke gishiri da busasshen giris a sake shafawa kamar yadda littafin injin ya ce, shi ne ƙarshen zancen. Idan kuwa komai yana juyawa a hankali kamar ya gaji, a fara duba batir da mahaɗan waya kafin a zargi inji.

Sauran dalilan ma ba su buƙatar sayen komai mai tsada. Sarƙa takan taru ta yi tsibi a ma'ajiyarta har ta toshe bakin ramin da take sauka, ta rasa nauyin da zai ja ta ƙasa, shi ya sa masu ƙera injunan suke so a bar aƙalla kusan santimita 30 tsakanin ƙasan dandamalin jirgi da saman tsibin. Takan murɗe, musamman bayan jirgi ya yi ta kewaya anga da sauyin iska, sai an sake ta duka a ruwa mai zurfi ta warware. Ɗan ƙarfen da yake ɓamɓare sarƙa daga faifai yakan lanƙwashe. Gurabun faifan kuma sukan cinye, kuma abin da ya fi cinye su shi ne barin nauyin jirgi a kan injin bayan an jefa anga, maimakon a ɗora shi a kan igiya mai ƙugiya ko ƙarfen riƙe sarƙa da aka tanada domin haka. Ita ma tsohuwar sarƙa tana cinyewa a inda zobba suke gogar juna, tsawonta ya ƙaru, kuma idan kaurin ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari lokacin sauya ta ya yi.

Kafin ka biya kowa, ka karanta lambar da take jikin faifanka, ka miƙe sarƙarka sosai ka auna tsawon zobba goma a jere, domin a nan bambancin milimita 2 yake zama milimita 20, wanda ko da ma'aunin tela za a gani. Ka nemi mai sayarwa ya rubuta maka sunan ƙa'idar da tsawon zobe da sunan wanda ya ƙera, kuma ya ba ka guntun sarƙa na kamar rabin mita ka naɗa a faifan ka ga ko kowane zobe ya zauna daram. Ɗan kasuwar gaskiya ba ya jin haushin wannan buƙata, domin shi ma ba ya son a dawo masa da sarƙa mita hamsin da aka riga aka yanka. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce a bar shafin da aka haɗu a tura masa kuɗi kai tsaye domin a sami rangwame, yana neman raba ka ne da kariyar da shafin yake bai wa mai saye. Ka adana hoton tallarsa da saƙonninsa, ka kai ƙararsa ga masu shafin, idan kuma ka riga ka biya da kati ka sanar da bankinka da wuri, domin neman a dawo da kuɗi yana da wa'adi.