Sikanin ido ko duba da ɗigon magani: wanne ya fi gano yagewar tantanin gani?

Wani ɗan'uwa daga Daura ya yi tambaya: kwana biyu ke nan Hajiyarsu na ganin walƙiya a gefen idon dama, da baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo. Wasu sun ce a yi mata sikanin ido, wato hoton cikin ido da na'urar sauti irin ta duba masu ciki, wasu sun ce a kai ta a ɗiga magani a leƙa ciki. Wanne za a bi?

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Abin da ake tsoro shi ne yagewar tantanin gani, wato retina, wanda ke shimfiɗe a bangon cikin ido. Ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar ido yakan saki jikin tantanin idan shekaru sun ja, wani lokaci ya fizge shi ya yage. Ruwa ya bi ta yagewar ya ɗaga tantanin, daga nan gani ke tafiya.

Muddin likita na iya hango bayan ido, duba da ɗigo shi ne kan gaba. Ana ɗiga tropicamide, sau da yawa tare da phenylephrine, a jira minti 20 zuwa 30 baƙin ido ya buɗe. Likita ya sa fitila a goshi, ya riƙe gilashin ƙara girma mai lamba 20, sannan ya ɗan danna fatar ido da ƙaramin ƙarfe don gefen tantanin ya turo inda za a gan shi. Dannawar nan ba daɗi, amma kada a bari a tsallake ta, domin yawancin yagewa a can gefe take, musamman sama ta wajen kunne. Da wannan hanya ana ganin ƙananan huji, a ƙirga su, a san inda za a ƙona da leza, wato haske mai ƙarfi da ke liƙe kewayen yagewar. Bayan an gama ido zai yi hazo awa 4 zuwa 6, don haka a zo da ɗan rakiya.

Sikanin kuwa amfaninsa yana fitowa ne inda hanya ta toshe: jini ya zuba cikin ido, ko yana ta yi kauri, ko tabo ya rufe gaban ido. Masu ciwon suga da masu sikila sun fi faɗawa nan. Ana shafa mai a kan fatar ido a rufe, a ɗora kan na'ura mai megahaz 10 (ma'aunin sautin da take fitarwa), a ce mara lafiya ya kalli sama, ƙasa, hagu da dama. Motsin shi ne sirrin aikin. Tantanin da ya ɗago yana fitowa layi mai kauri da haske, a ɗaure da jijiyar gani, kuma ba ya ɓacewa idan an rage ƙarfin hoton. Bangon ruwan da ya saki siriri ne, yana lilo sosai, da an rage ƙarfi sai ya dushe. Wanda bai ƙware ba nan yake rikita su. Ita yagewar kanta ɗan guntun layi ne mai haske da ruwan ke ja, kuma ƙaramin hujin da bai ɗaga baki ba yana iya kuɓuce wa sikanin gaba ɗaya.

Saboda haka sikanin da bai nuna komai ba bai wanke ido ba. Idan akwai jini, a kwana da matashi biyu ko uku don ya kwanta ƙasa, a maimaita dubawa cikin mako ɗaya ko biyu. Kan na'urar da ake duba masu ciki da shi, mai megahaz 3 zuwa 5, bai dace da wannan aiki ba, ko da mai ɗakin hoton ya ce zai iya. In kuma ana zargin ido ya fashe sakamakon rauni, ba a danna masa komai.

Ga Hajiya, a kai ta wurin likitan ido yau ko gobe, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko wani asibitin ido, a nemi duba da ɗigo, a duba idanu biyun. Sikanin sai likitan ya ce bai ga ciki ba. Yagewar da aka kama da wuri ana ƙone kewayenta da leza cikin kwana ɗaya ko biyu, ba sai an kwantar da ita ba. Idan ta fara ganin inuwa kamar labule na rufowa daga gefe, tantanin ya soma ɗagowa ke nan, aikin ya koma tiyata, kuma ana iya tura ku Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.